Jadallah Jubara da rushewar Studio Gad

Tun da aka nuna fim ɗin Goodbye Julia na Muhammad Kordofani a bikin finafinai na Cannes a 2023, 'yan jarida suka koma tonon asalin sinimar Sudan. Wani mai karatu ya tambaye mu ko gaskiya ne Jadallah Jubara ne ya fara shirya dogon fim a ƙasar, kamar yadda ake yawan rubutawa.

Amsar ita ce a'a. Fim ɗinsa Tajouj ya fito ne a ƙarshen shekarun 1970, alhali tun 1970 Ibrahim Mallasi da Rashid Mahadi, mai ɗaukar hoto na garin Atbara, suka fitar da dogon fim ɗin Amal wa Ahlam. Masu ɗora wa Jubara wannan rawani suna ganin gata suke yi masa. Ba ya bukatarsa. Aikin da ya yi ya fi ƙarfin a ce da shi na farko kawai.

An haife shi a 1920. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin soja a sashen sadarwa na rundunar Birtaniya a Arewacin Afirka, inda ake nuna wa sojoji majigi don ƙarfafa musu gwiwa. A nan son sana'ar ya shige shi. Da ya dawo gida sai Turawan mulkin mallaka suka sa shi ɗaukar finafinan wayar da kan manoma, irin waɗanda ake zagayawa da su ƙauyuka a mota. Ranar 1 ga Janairun 1956, da aka sauke tutocin Birtaniya da Masar aka ɗaga ta Sudan a Khartoum, yana wurin da kyamararsa. Daga baya ya ƙaro ilimi a Amurka, kuma yana cikin waɗanda suka aza tubalin bikin finafinai na FESPACO na Wagadugu a 1969, bikin da Umaru Ganda na Nijar ya ci babbar kyautarsa a 1972.

A 1974 ya buɗe Studio Gad a Khartoum, wurin shirya fim mai zaman kansa a ƙasar da kusan komai na harkar yake hannun gwamnati. Daga nan Tajouj ya fito. Labari ne da duk Basudane ya sani, na ƙabilar Hamran ta gabashin ƙasar: wani mai suna Muhallaƙ ya ambaci kyawun wata mai suna Tajouj a waƙa a bainar jama'a, abin da al'adarsu ta hana, kuma wannan ya zame masa sanadin wahala. Mawaƙi Salah ibn al-Badiya ne ya fito a matsayin Muhallaƙ. Fim ɗin ya zagaya bukukuwa a ƙasashen waje ya dawo da kyaututtuka.

Tsufansa ne ya zo da ɗaci. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir a 1989 gidajen sinima suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sannan hukuma ta sa ido a kan filin da Studio Gad yake. Aka shiga shari'a ta shekaru. Ana cikin haka idanunsa suka mutu. Mutumin da ya ci abinci da ido fiye da shekara hamsin ya koma sai an riƙe masa hannu, amma bai ajiye aiki ba. 'Yarsa Sara ta zama idonsa. Ita ma ba ƙaramar mace ba ce: shan inna ya taɓa ta tana ƙarama, duk da haka ta yi iyo daga tsibirin Capri zuwa Naples a gasar duniya, ta kuma karanci harkar fim a Alƙahira. Tana gaya masa abin da ke gaban kyamara, shi kuma yana ba da umarni, har suka kammala fim a kan littafin Victor Hugo, Les Misérables, suka mayar da labarin cikin rayuwar talakawan Sudan. Zaɓen wannan littafi a irin wancan lokaci ba a banza ya yi shi ba.

A 2008 aka rushe Studio Gad, kuma a shekarar ya rasu. Gwamnatin ƙasar da ya ɗauki hoton haihuwarta ce ta yi masa haka, abin da har yau yake da wuyar haɗiyewa. Iyalinsa suka kwashe faifan da suka iya tsirar da su, daga baya cibiyar finafinai ta Arsenal da ke Berlin ta haɗa hannu da Sara aka mayar da wani kaso daga cikinsu na kwamfuta, aka nuna su a Khartoum da Jamus.