Cin Ƙasa da Masu Raunin Hankali a Pumpumre

Tun lokacin da Modibbo Hamman Njundi ya kafa Garwa a gaɓar Binuwai, ƙarƙashin tutar Modibbo Adama, fatake Hausawa suke saukowa da kanwa da tufafi suna komawa da abin da kudu ta bayar, har zuriyarsu ta zauna a garin, wanda a unguwarsa ta Pumpumre babban masallacin da aka gina a zamanin Ahmadu Ahijo yake tsaye a yau. Cikin hajar da ke hawowa daga kudu akwai farar ƙasar da mutanen Kamaru ke kira kalaba, wadda ake haƙowa a wajajen Balengu, ana sayar da ita ga mata masu juna biyu ba tare da jama'ar gari sun ga aibi ba.

Malamanmu na Malikiyya ba su jahilci mas'alar ba, domin Shaihu Halilu a Muhtasar ya kawo ƙauli biyu game da cin yumɓu, ɗaya na karhanci, ɗaya na hani. Amma hukuncin yana hawa kan mukallafi ne. Wanda hankalinsa bai cika ba an ɗauke masa alƙalami, nauyin kiyaye shi ya koma wuyan waliyyinsa.

A nan ne al'ada ta saɓa wa fiƙihu, saɓanin da ke damuna ƙwarai. Mai ciki in ta ci ƙasa sai a ce kwaɗayin ciki ne, a yi mata uzuri; amma baligi mai galahanga ko raunin hankali, in aka gan shi yana tauna ƙasar katanga, ko gawayi, ko tsumma, sai a ce aikin iska ne, wasu ma su kira shi ɗan ruwa, a janye shi daga zaure, a ware masa kwanonsa a ƙuryar ɗaki. Alhali kuwa zaure da akushin tarayya su ne makarantar da kowane ɗa yake koyon sallama, da wanke hannu, da jiran babba ya fara, da bambance abin ci da wanda ba na ci ba. Wanda aka hana wannan majalisi shekara da shekaru, ina zai koyi ladabin da ake zarginsa da rashinsa?

Sai a 1943 likita Leo Kanner ya siffanta galahanga a Amurka, bayan haka likitoci suka tabbatar cewa cin abin da ba abinci ba ya fi yawa ga masu wannan larura, sau da yawa tare da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, kuma yana jawo tsutsar ciki, da toshewar hanji, da gubar dalma. Saboda haka suke umartar waliyyi ya kai shi a auna jininsa, ya kawar da abin da hannunsa ke kaiwa gare shi, sa'an nan ya zaunar da shi cikin 'yan'uwansa lokacin cin tuwo, yana maimaita masa ladubban ci da haƙuri.