Gasar da Korona ta cinye wa yaran 2004

Jama'ar Gaya, ko kun tuna watan Maris na 2021? Saura kwana biyar a buɗe gasar cin kofin Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a Maroko, sai hukumar CAF ta ce an soke ta saboda Korona. Kafin nan, ran 24 ga Disamba 2020, FIFA ta soke kofin duniya na wannan rukuni da za a yi a Peru.

Mu nan lokacin hankalinmu na kan gadar Malanbil da hanyar Kamba, don rufe iyaka ya taɓa tukunyar kowa. Wa ke ta tamaula?

Amma abin ya yi ciwo. Mena ƙanana ba su tsallake wasannin share fage na Lome ba. Maƙwabtanmu Najeriya da ƴan Kodebuwa ne suka samu gurbi, suka yi shiri, suka koma gida ba a buga ko minti guda ba. Gasar manya in an ɗage ta, ɗan wasa na iya jira. Ta yara fa? Shekaru ba su jira. Da aka dawo a 2023, yaran da aka haifa a 2004 sun wuce shekarun, sai ƙannensu.

Mun san darajar wannan dama, tunda a 2017 yaranmu sun je kofin duniya a Indiya, suka doke Koriya ta Arewa 1-0, har suka kai zagaye na biyu, inda Gana ta fitar da su.

Peru kuwa, an ba ta 2023, daga baya aka karɓe aka miƙa wa Indonesiya.