Samanja Chari Maigumeri da Barikin Mogadishu

Jama'a, da yawanmu mazauna Abuja mun sha zuwa cin gasasshen kifi a kasuwar mami ta Barikin Mogadishu, wanda har gobe wasu ke kira Barikin Abacha. To, mutum nawa ne a cikinmu ya san daga ina sunan ya fito?

A Fabrairun 1941 sojojin Nijeriya suka shiga birnin Mogadishu na ƙasar Somaliya, suka kori Italiyawa, suka bi su har Habasha. Cikin waɗannan mazaje akwai Chari Maigumeri, mutumin ƙasar Barno, Samanjan bataliya ta uku.

Tarihinsa abin mamaki ne. Da Jamusawa ya fara soja a Kamaru, Turawan Ingila suka kama shi a Garwa a 1915. A 1917 ya shiga rundunar waɗanda suka kama shin, ya yi shekara 36 a cikinta. Daga Habasha kuma sai Bama, yaƙin Japanawa.

Aikin Samanja ba riƙe bindiga kaɗai ba ne. Shi ne mai ladabtar da bataliya: fareti, tsabta, gadirum, irin tsaron doka da 'yan sandan soja masu jar hula ke yi. Kuma da Hausa ake ba da oda a wancan zamani, ko Baturen hafsa sai ya koye ta.

Ya yi ritaya a 1953, aka ba shi muƙamin Kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lokoja sunansa yake ɗauke da shi. Allah ya jiƙansa.