Bar Beach ta tafi, sai a fim za ka gan ta

Jama'a, tun da aka fara aikin titin bakin teku daga Legas zuwa Kalaba a 2024, mai tsawon kilomita 700, aka rushe wani ɓangare na Landmark Beach, nake ganin muhawara a nan Facebook. Wasu na cewa ci gaba ne, wasu na cewa ɓarna. Ni dai bari in ɗan koma da mu baya, domin rigimar Legas da teku ta haura shekara ɗari, kuma da gyaɗarmu a ciki.

A da can manyan jiragen ruwa ba sa iya shiga tashar Ikko saboda tudun yashin da ke bakin mashigar. Sai su tsaya a waje, ƙanana su yi ta jigilar kaya. Daga 1908 Turawan mulkin mallaka suka fara gina dogayen katangun duwatsu da suka kutsa cikin teku don a buɗe hanya. A daidai wannan lokaci ne layin dogo ya iso Kano, a 1911. Ba da jimawa ba gyaɗa da fatu da auduga suka fara gangarawa kudu, suna fita ta wannan mashigar. Kun ga ke nan dalar gyaɗar da muke alfahari da ita tana da hannu a labarin.

Matsalar ita ce, a wannan gaɓar igiyar ruwa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Katangun suka tare shi. Yashi ya yi ta taruwa a yamma, gabas kuma, inda Bar Beach take a Victoria Island, teku ya yi ta ci babu mai mayarwa. A hankali ya cinye fiye da kilomita guda. Gwamnatoci suka yi ta zuba yashi, ruwa yana kwashewa, har ta kai idan teku ya yi fushi yana hawowa titin Ahmadu Bello Way.

Wanda bai san Bar Beach ba, nan ne dandalin shaƙatawar talakan Legas. Nan masu fararen riguna suke zuwa addu'a. Nan kuma aka ɗaure Ishola Oyenusi a jikin ganga aka harbe shi a 1971, dubban mutane suna kallo. A 2008 aka fara cike wurin da yashin da aka haƙo daga teku, aka ja katangar da suke kira Great Wall of Lagos, aka kafa Eko Atlantic a kai. Yau idan yaro ya tambaye ka ina Bar Beach, sai dai ka nemo masa tsohon hoto ko fim.

To a nan maganar kyamara ta shigo. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta sa katafila ta share Maroko, unguwar da aka ƙiyasta mutum 300,000 ne a cikinta, bayan wa'adin kwana bakwai. Lokacin ba wayar hannu, talabijin kuma kusan duk na gwamnati ne. Abin da ya saura shi ne hotunan 'yan jarida da bakin waɗanda abin ya shafa. Filin yanzu yana cikin mafi tsada a Najeriya.

A 2010 BBC ta nuna Welcome to Lagos, fim ɗin dokumentari mai kashi uku: jujin Olusosun, unguwar Makoko da ke kan ruwa, da mazauna bukkokin Kuramo Beach. Gwamnati ta fusata, Wole Soyinka ma ya ce kallon raini ne irin na 'yan mulkin mallaka. Akwai ƙamshin gaskiya a ƙorafin, domin baƙo ne ya zaɓi abin da za a nuna. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. A Agustan 2012 teku ya yi ambaliya a Kuramo, mutane suka mutu, aka rushe bukkokin da suka rage. Fim ɗin da aka zaga shi ne yanzu ya zama shaidar cewa an taɓa yin rayuwa a wurin, da aure da ciniki da tarbiyyar yara.

Da aka zo kan Otodo Gbame, ƙauyen masunta a gefen Lekki, a 2016 da 2017, zamani ya canja. An kori kimanin mutum 30,000, amma wannan karon matasan wurin da masu kare haƙƙinsu suna riƙe da waya da kyamara. Duniya ta ga gidaje suna ci da wuta, mata da yara cikin kwalekwale ba su san inda za su nufa ba. A Yunin 2017 kotu a Legas ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki. Gidajen dai ba su dawo ba, wannan gaskiya ne. Sai dai ba wanda zai iya cewa abin bai faru ba. Daga baya wasu matasan irin waɗannan unguwanni suka haɗu da masu shirya fim suka fitar da The Legend of the Vagabond Queen of Lagos, wanda aka nuna a bikin finafinai na Toronto a 2024.

Ba ina cewa kada a yi titi ko tashar jiragen ruwa ba ne. Katangar 1908 ta kawo arziki, har mu nan Arewa mun sha romonsa. Abin da nake cewa, aikin da aka yi a bakin ruwa sakamakonsa kan ɗauki shekara hamsin kafin ya bayyana, kuma yawanci a kan wanda ba shi da murya yake faɗawa. Idan ba a ɗauki wurin kafin aiki da bayansa ba, da me jikoki za su yi hisabi?

Mu ba mu da teku, amma muna da kududdufan Kano da ake cikewa ana gini, da ganuwar da ake yanka filaye a jikinta, ga abin da fashewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024. Kyamarori kuwa Allah Ya hore mana su a Kannywood. Wanda yake da kududdufi a unguwarsu, don Allah ya ɗauke shi a waya tun yana nan, ya zauna da dattijon da ya san sunansa da tarihinsa, ya rubuta ranar, ya adana.

Allah Ya sa mu dace.