Tasin Landan: Shekara Ɗari Uku Ana Ja-in-ja Kan Lasisi

Yau Landan muka nufa, mu ji yadda aka yi direban haya ya koma sai da takarda zai ɗauki fasinja.

Tun 1654, zamanin Oliver Cromwell, hukuma ta sa baki a sana'ar nan. Lokacin keken doki ne motar hayar, kuma sun yi yawa har sun cushe tituna, sai aka ƙayyade masu tuƙa su. A 1865 aka shigo da jarrabawar da ake kira The Knowledge. Wanda ke son tuƙa baƙar tasin Landan sai ya haddace tituna kusan 25,000 da ke cikin mil shida daga Charing Cross. Yawanci shekara uku zuwa huɗu ake yi ana wannan karatu. Ku ji fa!

A 1930 kuma doka ta wajabta inshora a kan kowace mota, don idan an yi haɗari wanda aka ji wa rauni ya samu diyya, ba a bar shi da "Allah ya sawwaƙe" ba.

To, a 1961 wasu suka hango ƙofa a cikin dokar. Abin da aka hana marar lasisi shi ne ɗaukar fasinja a bakin titi. Idan fasinjan ne ya buga waya ya kira mota fa? Haka ƙananan motocin minikab suka fito, kamfanin Welbeck Motors na kan gaba. Direbobin baƙar tasi suka fusata, har da ba-ta-kashi a titi. Abin mamaki, sai a 1998 aka yi dokar ba minikab lasisi a Landan. Kafin nan, kusan duk mai mota zai iya shiga sana'ar ba wanda ya binciki halinsa.

Da Uber ta iso a 2012, tsohuwar rigima ta dawo sabuwa. Hukumar sufurin Landan ta ƙi sabunta mata lasisi a 2017, ta sake ƙi a 2019. Dalilin na biyun shi ne an gano tafiye-tafiye aƙalla 14,000 da direbobin da ba su da izini suka yi, bayan sun ɗora hotonsu a asusun wasu. Duk fasinjan da ya shiga irin wannan mota, ba inshorar da ke kansa. Sai a Satumbar 2020 kotu ta mayar wa kamfanin lasisi na wata 18.

Direba na ganin lasisi da inshora kuɗi ne ke fita daga aljihunsa, kuma gaskiyarsa. Amma ranar da mota ta kife, takardun nan biyu ne ke nuna wa za a kama, wa kuma zai biya kuɗin asibiti.