Tikiti Ba Suna: Cigiyar Fasinja Daga Langalanga Zuwa Katari

A gidanmu da ke Taba, cikin ƙasar Kudan, akwai wani ɗaki da na tashi na tarar ana kiransa da sunan mutumin da ban taɓa gani ba. Ƙanen kakana ne. Fatauci yake yi, yana kai mazarƙwaila da albasa kudu, yana kai-komo a jirgin ƙasa tsakanin Kafanchan da Makurɗi. A farkon shekarar 1970, makonni kaɗan bayan ƙarewar yaƙin basasa, ya aiko da saƙo cewa zai zo ya yi Babbar Sallah da iyalinsa. Har yau ba a yi masa sadakar uku ba, balle ta arba'in, domin babu wanda ya iya tsayawa ya ce ya rasu.

Kafin in kai ga cigiyarsa, ya kamata in faɗi yadda jirgin ƙasa ya shigo ƙasarmu, saboda a nan matsalar ta samo asali. A zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara. Dogon ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Tsakanin Zariya da Kano ya ratsa ta Likoro da Gimi, tashoshin da mutanen Kudan da Makarfi da Ikara suka fi sani. Turawa auduga suka hango, manoma kuwa suka rungumi gyaɗa. Daga baya aka haɗa Kaduna da Fatakwal ta Kafanchan, aka kuma gama gadar Makurɗi a kan kogin Binuwai a 1932.

Duk buhun da ya hau tarago sai an ɗora shi a sikeli, an rubuta nauyinsa da sunan mai aikawa da na mai karɓa. In ya ɓace, akwai rasit da za a nuna. Shi kuwa ɗan Adam ɗan guntun kwali ake miƙa masa, ɗauke da sunan tashar tashi da ta sauka da kuɗin da ya biya. Sunansa ba ya kai, kuma ba ya cikin wani littafi. A shekarar 1912 ɗin nan ce jirgin ruwan Titanic ya nutse a teku, kuma cikin 'yan kwanaki jaridu suka buga sunayen waɗanda suka tsira da waɗanda suka ɓace, domin jiragen ruwa na ajiye jerin sunayen fasinja. Jirgin ƙasa, a nan da sauran ƙasashe, bai tashi da wannan al'ada ba.

A watan Fabrairun 1970, ana daf da Sallah, jirgin fasinja ya kauce daga dogo a Langalanga, kan layin Kafanchan zuwa Lafiya, a yankin da yanzu yake cikin Jihar Nasarawa. Taragu suka gangara rami, mutane masu yawa suka halaka. Labari ya iso Taba ta rediyo. Aka yi Sallah, aka share kwana uku ana duban hanya. Ranar na huɗu kakana ya ɗaura ɗan kuɗinsa a lalita, ya taka zuwa Likoro, ya hau jirgi.

Na ji labarin wannan tafiya daga bakinsa fiye da sau goma, kuma bai taɓa canza shi ba. A wata babbar tasha ya yi layi tun hantsi a gaban tagar akawu. Da ya isa sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanena nake cigiya, wataƙila yana cikin jirgin da ya faɗi." Akawun bai ɗago kai ba, ya ce, "Malam, nan tikiti muke sayarwa. Ka je ofishin tashamasta." Masinjan ofishin ya ce mai gida yana taro, a dawo gobe. Da gobe ta yi aka ce ai maganar hatsari ta 'yan sanda ce. 'Yan sanda suka tura shi asibiti. A asibiti aka nuna masa masu rauni, ya bi gado-gado bai ga nasa ba, aka kuma shaida masa cewa an riga an binne gawawwakin da ba a gane ba. Da ya koma tagar farko, akawun ya tambaye shi lambar tikitin ƙanensa. Kakana ya ce, "Ai tikitin yana aljihunsa."

Waɗanda suka taimake shi su ne marasa ofis. Wani mai shayi ya ba shi wurin kwana a bayan teburinsa har dare biyar. 'Yan dako suka yi ta tambayar junansu ko an ga Bazazzagi mai mazarƙwaila. Wani leburan dogo da ya yi aikin ciro mutane ya zauna ya kwatanta masa tufafin da ya iya tunawa. Ɗaya ya ce ya ga mai irin wannan kama ya hau jirgi, wani ya ce a'a, ya gan shi a kasuwar Makurɗi bayan hatsarin. Da waɗannan maganganu biyu kakana ya dawo gida. Ya ba da cigiya a Rediyon Kaduna, ya sa aka rubuta wasiƙa zuwa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Shiru.

Nauyin rashin tabbas ɗin a kan matarsa ya faɗa. A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara gaban alƙali, a bincika, sannan ta jira shekara huɗu, ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma kafin ta yi wani aure. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba. Haka ta zauna da 'ya'ya biyu, ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba. Gonar rakensa da ke fadama kakana ya riƙa nomawa yana ajiye wa yaran amfanin.

Ina yaro na ɗauki akawun nan a matsayin mugu. Da na girma na fahimci cewa wulaƙancinsa laifinsa ne, amma amsar da ake nema ba ta hannunsa. Ko da ya tashi ya ba kakana kujera, babu littafin da zai buɗe.

Shekara 52 bayan haka, ranar Litinin 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka dasa bam a kan layin Abuja zuwa Kaduna, tsakanin Katari da Rijana, suka buɗe wa jirgin yamma wuta. Wannan sabon layi ne mai tsawon kilomita 186, wanda aka ƙaddamar a Yulin 2016 daga Idu zuwa Rigasa, kuma tun 2021 ake sayar da tikitinsa ta intanet, da suna da lambar waya. An kashe aƙalla mutum takwas, aka sace fiye da sittin. Kakana, wanda tsufa ya riga ya kama, yana kan tabarma da rediyonsa. Tambayarsa ta farko ita ce, "Wannan karon sun rubuta sunayensu?"

An rubuta, sai dai rubutun bai cika ba. Rahotannin farko sun ce mutum 970 ne a jirgin. Hukumar jiragen ƙasa ta ce 398 suka sayi tikiti, 362 aka tantance sun hau. Kimanin mako guda bayan harin, hukumar ta ce ta tabbatar da lafiyar mutum 186, saura 168 ba a san inda suke ba. Da aka bi lambobin wayar da ke cikin jerin, wasu a kashe suke, wasu ba a ɗauka, wasu ma babu su sam. An daɗe ana kokawa da masu saye tikiti su sayar a bayan fage, kuma duk wanda ya hau da tikitin wani, sunan wani ne a rubuce a madadinsa. Iyalai suka yi ta zarya tsakanin tasha da asibitocin Kaduna. Wasu ba su san 'yan'uwansu na raye ba sai da maharan suka saki hotuna da bidiyo.

Bambancin 2022 da 1970 shi ne iyalan ba su watse kowa ya koma ƙauyensa ba. Sun haɗa kai, suka riƙa kiran taron manema labarai, suna ɗaga hotuna da sunaye. Da aka sanar cewa jirgi zai koma aiki ranar 23 ga Mayu, suka ce ba za ta saɓu ba alhali mutanensu na daji, aka kuwa ɗage. An yi ta sakin mutanen kashi-kashi, har ranar 5 ga Oktoba da aka sako 23 na ƙarshe, bayan kwana 191. Jirgi ya dawo aiki ranar 5 ga Disamba, aka kuma shar'anta cewa ba mai sayen tikiti sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Daga 1912 zuwa wannan rana shekara 110 ke nan kafin a tilasta haɗa kujera da sunan mai ita na gaskiya, kuma doka irin wannan ba ta da amfani sai mai tsaron ƙofa ya duba katin, sai kuma wanda ke bayan taga ya yarda ya buɗe jerin idan mai cigiya ya zo.

Na karanta wa kakana labarin sabuwar dokar a ranar da ta fito. Ya yi shiru, sannan ya ce in ɗauko takarda in rubuta sunan ƙanensa da na mahaifinsu, da shekarar da ya tafi, da kayan da ya ɗauka. Na rubuta, ya sa na karanta masa sau biyu. Takardar tana cikin gafakarsa, a ɗakin da har yanzu muke kira da sunan mai shi.