Yadda Ganye Ya Hau Teburin Attajirai

A watan Agustan 2025 Daniel Humm, mai gidan abincin Eleven Madison Park na birnin New York, ya sanar cewa nama zai koma teburinsa daga watan Oktoba. Shekara huɗu ke nan babban zauren gidan bai ga nama ko kifi ba. Masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba suka ce ya ci amanarsu, wasu kuma suka ce dama an san a rina. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka yi har ganye da saiwa suka kai matsayin da mutum zai biya dala 335 don ya ci su a zama ɗaya.

Ƙin cin nama dai tsohon abu ne. Akwai shi a Indiya tun fil azal, akwai shi a wuraren bautar mabiya Buda a Japan. Ɗaliban adabin Larabci sun san Abul Ala al-Ma'arri, makahon mawaƙin nan na Sham da ya rasu a 1057, wanda ya bar nama da madara da ƙwai har da zuma. Amma duk waɗannan zuhudu ne, ba cin daɗi ba. Ko da Turawa suka fara buɗe gidajen abinci marasa nama, irin su Hiltl da ke Zurich tun 1898, kallon wurin marasa lafiya da masu baƙin ra'ayi ake yi musu. Kalmar “vegan” kanta sai a 1944 Donald Watson ya ƙirƙiro ta a Ingila, don bambanta waɗanda suka bar har madara da ƙwai da waɗanda nama kawai suka bari.

To, wa ya ɗauko wannan abinci daga hannun masu zuhudu ya kai shi gaban masu kuɗi? Wasu na cewa tausayin dabbobi ne. Wasu na cewa tsoron ɗumamar yanayi ne, suna kafa hujja da rahoton Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2013, wanda ya ɗora wa kiwo kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya. Ban musanta tasirinsu ba, sai dai tausayi ya yi shekaru aru-aru bai gina irin wannan gida ko ɗaya ba. A ganina aikin kukumai ne, kuma hujjata Alain Passard.

Passard gwanin gasa nama ne, a kan haka gidansa na L'Arpège a Paris ya samu taurari uku na Michelin a 1996, matakin da babu na sama da shi a wannan sana'a. A shekarar ce kuma gidan Joia na Pietro Leemann a Milan ya samu tauraro ɗaya ba tare da nama ba, sai dai Milan ba Paris ba ce. A 2001, lokacin da cutar haukan shanu ta firgita Turai, Passard ya cire jan nama daga girkinsa. Ya mallaki lambu a yankin Sarthe, ana huɗa da doki, ana cire kayan da safe a ɗora su a jirgin ƙasa su iso kicin kafin su yi yaushi. Ya riƙa gasa karas da albasa da irin haƙurin da yake gasa rago. Jama'a suka zuba ido su ga taurarinsa sun zube. Ba su zube ba. Daga nan sauran kukumai suka gane cewa mai kuɗi zai biya wa saiwa farashin nama muddin hannun gwani ne ya taɓa ta.

Amma Passard na wancan lokaci bai rabu da man shanu ba, kuma nan wuyar take. Girkin Faransa a kan man shanu da kirim da romon ƙashi ya tsayu. In ka cire su, miya ta zama lami. Dole a nemo ɗanɗano ta wata hanya, ta jiƙa hatsi da wake a bar su su yi tsami makonni, irin hikimar da ke sa daddawa ta tayar da miyar da ba ta ga tsoka ba. Wannan aiki yana cin hannaye da lokaci, shi ya sa kuɗin abincin ba ya sauka don an cire nama. Masu cewa cuta ce a sayar da ganye da tsada ba su lissafa wannan gumi.

A Janairun 2021 Claire Vallée, mai ƙaramin gidan ONA a garin Arès kusa da Bordeaux, ta zama ta farko a Faransa da ta samu tauraro da abincin tsirrai zalla. Bayan wata biyar Humm ma ya koma abincin tsirrai zalla da ya sake buɗe gidansa, wanda a 2017 aka zaɓa na ɗaya a duniya, bayan korona ta rufe shi ya koma dafa wa mabuƙata abinci. Pete Wells na jaridar New York Times ya caccake shi, har ya tona cewa ana ba da naman sa a ɗakin baƙi na musamman. Wannan tonon ya yi daidai, bai kamata a ɓoye wa jama'a ba. Duk da haka, a 2022 Michelin ta bar masa taurarinsa uku.

Abin da ya kayar da shi ba ɗanɗano ba ne. Shi da bakinsa ya ce masu kama ɗaki don liyafa sun ragu, cinikin giya ma ya ja baya, ga shi a irin waɗannan gidaje nan ribar take. Agwagwa mai zuma da yake dafawa a da ta dawo, abincin tsirran kuma yana nan ga mai so. ONA kuwa tun 2022 ta rufe.

Makonni kaɗan kafin sanarwar Humm, a Yulin 2025, Passard ya cire man shanu da ƙwai da kifi daga L'Arpège gaba ɗaya. Zuma kaɗai ta rage, ta amyoyin da ke lambunsa.